Sauron bana ya saba da magani ne, ko jabu ake sayar mana?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ni kaɗai ne ko kowa haka yake gani? Maganin sauron da nake fesawa shekara da shekaru, da in na fesa bayan magariba na ja ƙofa, kafin isha sai dai a kawo tsintsiya. Bana gwangwani biyu na ƙarar cikin sati uku, sauron nan kamar turaren wuta nake musu. Jiya har a jikin gidan sauron da aka ce mai magani ne na ga guda uku sun yi zamansu. Ko dai jabu ake kawo mana?

Ɗan Tattabara: Wa'alaikumus salam Alhaji. Sabo ne kawai. Kamar mai cin barkono, yau kaɗan gobe kaɗan, wata rana sai ka ga yana cin attaruhu ko ruwa ba ya nema.

Hajiya Mai Atamfa: Ku kuna ta sauro. Ku zo ku ga kuɗin cizo. Fiya-fiya na zuba wa katifar yara, mu muka kwana muna tari, su ko gezau.

Malama Bilki: Hajiya don Allah ki daina zuba fiya-fiya inda yara ke kwana, guba ce ta gaske. Baban Khalifa, jabu akwai shi a kasuwa, ba na musu. Amma ko na ainihi ka saya za ka iya ganin haka. Ɗan Tattabara kuma, kalmar nan "sabo" ita nake yaƙi da ita a aji duk shekara. Sauron da ke ɗakin Alhaji yau ba shi ne na bara ba, ba ma na watan jiya ba ne. Sauro 'yan makonni yake yi a duniya. Yaushe ya zauna ya saba?

Ga yadda abin yake. A ce sauro dubu ne a unguwarku, misali nake bayarwa. Mu a idonmu duk ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne, kamar yadda 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zama ɗaya. A cikin dubun nan akwai biyar da tun daga ƙwai jikinsu yake da wani ɗan bambanci da ya sa maganin ba ya kama su sosai. Ka fesa. Ɗari tara da casa'in da biyar suka mutu, ka share, ka ce magani ya yi. Biyar ɗin nan fa? Su suka rage da kwata da kududdufi duka nasu. Macen sauro kan zuba ƙwai hamsin zuwa ɗari biyu a zubi guda, kuma da zafin nan namu cikin kamar sati biyu ƙwai ya zama sauro mai cizo. 'Ya'yan sun gaji iyayensu. Ka sake fesawa, ka sake kashe masu rauni, ka bar masu taurin. Yi haka shekara biyar, kai da maƙwabta da manoman da ke feshi a fadama. Ƙarshe sauron unguwar kusan duk jikokin biyar ɗin nan ne.

Babu sauro guda da ya canza. Jama'ar sauron ce ta canza.

Ɗan Tattabara: To Malama ai duk tafiyar ɗaya ce. Ko sabo ko gado, magani dai ba ya ci.

Malama Bilki: Ba ɗaya ba ce. Mai cin barkono in ya haihu, ɗansa ba ya zuwa duniya da juriyar yaji. Abin da jiki ya koya a rayuwa ba ya bin jini. Dubi tsaga. Gobirawa sun yi ƙarni nawa ana yi wa kaka da uba da ɗa, ka taɓa ganin jaririn da aka haifa da tsagarsa? Mata nawa aka huda wa kunne tun kaka da kakanni, har yau kowace jaririya sai an huda mata nata. Abin da ake gada shi ne abin da ke rubuce a ƙwayoyin gado.

Ummi: Anti Bilki, ni a nan nake rikicewa. Su biyar ɗin ina suka samo taurin tun farko? Ba maganin ne ya sa musu ba?

Sani Lab: Ummi kin yi tambayar da masana suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Amsa: a'a. Duk sanda halitta za ta haihu sai an kwafi rubutun gadon nan, kuma wajen kwafi akan sami ɗan kuskure nan da can, kamar almajiri mai kwafar allo ya sauya wasali. Yawancin kuskuren ba ya komai, wani yana cutarwa, can ba a rasa ba a dace da wanda ke da amfani. Ba ya zuwa don ana bukatarsa. A 1952 Joshua Lederberg da matarsa Esther sun nuna haka a Amurka da ƙwayoyin bakteriya: sun gano cewa masu jure magani suna nan a cikin tarin tun kafin maganin ya taɓa su. A 2011 ma an ba da rahoton samun ƙwayoyin gadon jure magungunan kashe bakteriya a ƙasar da ta daskare a arewacin Kanada tun shekara dubu talatin. Wa ke sayar da kafso a lokacin?

Ku ɗauki magani kamar rariya. Rariya ba ta ƙirƙirar tsaki. Tsakin yana cikin garin tun daga turmi, ita dai ta zubar da mai laushi ta bar shi a sama.

Hajiya Mai Atamfa: Yawwa, yanzu ka yi Hausa.

Sani Lab: Kuma Alhaji, abin nan ba na bana ba ne, a ƙasarmu ma aka fara ganinsa ga sauron maleriya na Afirka. A 1954 aka soma wani aikin gwaji na feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa dieldrin. Ba a cika shekara biyu ba aka ga sauro ya daina mutuwa da shi. Aka ɗebi irin sauron daga Ambursa aka kai Landan, wani masani George Davidson ya riƙa haɗa shi aure da sauron da magani ke kashewa yana ƙirga 'ya'yan. A 1956 ya buga sakamakon: juriyar gado ce, tana bin ƙa'idar gado da masani Gregor Mendel ya gano da waken Turawa tun ƙarni na 19.

Na Kebbi: Ambursa tamu? Ikon Allah. Kullum ina wucewa ta nan ban san sauronmu ya je Ingila ya yi suna ba. Ni ko fasfo ban da shi.

Baban Khalifa: To wannan abu yana da suna ne a boko?

Malama Bilki: Shi ne ake fassarawa da zaɓin yanayi, kuma shi ne babban injin abin da ake kira juyin halitta. Abu uku kawai yake bukata: a sami bambanci tsakanin 'yan jinsi ɗaya, bambancin ya zama ana gadonsa, sannan ya sa wasu su fi wasu barin zuriya. In ukun nan sun haɗu, sauyi dole ne. Charles Darwin da Alfred Wallace ne suka fito da bayanin, aka karanta takardunsu tare a Landan a 1858, littafin Darwin ya fito 1859.

Malam Auwalu: Tun ɗazu ina karantawa ina jiran inda za a dosa. Malama, da girmamawa, wannan ba shi ne mutumin da ya ce ɗan Adam daga biri yake ba? An faro mu da sauro a hankali za a kai mu inda ba mu shirya ba. Mu mun yi imani Allah Ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu, babu tattaunawa a nan.

Malama Bilki: Allah gafarta Malam, ba wayo nake yi ba. An tambayi dalilin da magani ba ya kashe sauro, kuma dalilin ke nan, ko wa ya fara faɗa. Abin da na bayyana ana ganinsa da ido, ana auna shi a kwalba. Amma tunda ka kawo, gyara ɗaya: abin da masana ilimin halittu suke cewa ba wai birin da ke Yankari ya rikiɗa ya zama mutum ba. Cewa suke mutum da manyan birai sun haɗa tsatso can da nisa, shekaru miliyoyi. Na san wannan ma ba ka yarda da shi ba. Ina dai so in za a ƙi magana a ƙi wadda aka faɗa.

Malam Auwalu: Na gode da gyaran. Kuma kin faɗi daidai, wannan ma ban karɓa ba. Sauro ya haifi sauro mai tauri, ba ni da ja, sunnar Allah ce a halittarsa. Har yanzu dai sauro ne, bai zama ƙuda ba.

Sani Lab: Malam, su masana amsarsu ita ce lokaci. Shekara saba'in muka kalli sauro muka ga wannan. Su suna maganar miliyoyin shekaru, suna kafa hujja da ƙasusuwan da ake tonowa da kamannin rubutun gado tsakanin halittu. Ko a nan Chadi, a 2001 an tono wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab da aka sa wa suna Toumaï, aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan bakwai.

Malam Auwalu: Ƙiyasi ka ce da bakinka.

Sani Lab: Ƙiyasin da ke da hanyar awo, ba na zaune a shago ba. Amma na ji ka.

Abba Injiniya: Ai ma Musulmi ne suka riga Darwin. Al-Jahiz ya faɗi duk wannan shekara dubu kafin shi, Turawa suka sace.

Malama Bilki: Abba a rage gishiri. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya rubuta Kitabul Hayawan, ya yi magana kan yadda dabbobi ke cin juna da yadda muhalli ke tasiri a kansu. Babban malami ne. Amma bai shimfiɗa bayanin nan mai ƙafa uku da na kawo ba, kuma cewa an sace zargi ne mai bukatar hujja.

Shugaba: Jama'a, maganar asalin ɗan Adam mun taɓa yinta a zauren nan, mutum biyu suka fita. Malam Auwalu ya faɗi matsayinsa, Sani ya faɗi abin da masana ke cewa. A tsaya nan. A koma kan sauro.

Ɗan Tattabara: Ni dai akwai abin da ya tsaya min. In haka ne, ai abin da muke yi ke nan a kiwo. In ina son tattabara mai gashin ƙafa, masu gashin nake haɗawa, sauran in kai kasuwa. Bayan 'yan shekaru akurkin duk ya koma haka.

Malama Bilki: Ka gama fahimta, sai dai ka biya kuɗin makaranta. Kuma za ka yi dariya: Darwin ɗan tattabara ne irinka. Ya yi kiwonsu a gidansa, kuma babin farko na littafin nasa kan dabbobin gida ne, ya daɗe a kan tattabaru. Ya nuna duk ire-irensu, mai buɗaɗɗiyar jela da mai kumbura maƙoshi, daga tattabarar dutse guda suka fito. Hujjarsa ita ce, in mai kiwo zai yi wannan cikin ɗaruruwan shekaru, me fari da yunwa da cuta za su yi in aka ba su lokaci mai tsawo? Bambancin kawai, kai kana da abin da kake so. Fari ba shi da buri.

Ɗan Maraɗi: Mu nan haka tsofaffi ke yi da hatsi. Ran girbi mahaifina shi ke zagayawa da kansa yana ware zangarniyar da ta fi cika da wadda ta riga nuna, ya ɗaure daban a rataye, wannan iri ne ko yunwa ta zo ba a taɓawa. Ban taɓa kawowa ilimi ne mai suna ba. Jar akuyarmu ma ai haka aka same ta.

Sani Lab: Gero kansa haka aka yi shi. Kakansa ciyawar daji ce ta Sahel mai zubar da ƙwayarta ƙasa da ta nuna. Mutane suka yi ta ajiye wadda ƙwayarta ke zama a jiki har a girbe. An sami shaidar geron gida a kwarin Tilemsi na Mali ta kusan shekara 4,500.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen kaɗan. Na daɗe ina son wanda zai amsa min. 'Yata sikila ce, shekararta tara. Waɗanda suka san ni sun san dare nawa muka kwana a asibiti. In gaskiya ne yanayi yana tankaɗe abin da ke cutarwa, me ya sa bai tankaɗe wannan ba? Me ya sa ma a wurinmu ya fi yawa?

Hajiya Mai Atamfa: Allah Ya ba Ilham lafiya, Ya ba ki ladan jinya.

Malama Bilki: Amin. Maman Ilham, amsar tana komawa kan sauron nan dai. Sikila sauyin harafi guda ne a rubutun da ke gina sinadarin jan jini. Kowa yana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai SS ya gaji biyu, shi ke ciwo. Mai AS ya gaji ɗaya, yawanci lafiyarsa lau, kuma yana da kariya babba daga maleriya mai tsanani, irin wadda ke sa yara suma da jijjiga. Wani likita Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954 a gabashin Afirka.

To ki duba ƙauyen da, babu asibiti babu allura. Yaro AA, wanda bai gaji S ko ɗaya ba, zazzaɓi na iya ɗauke shi kafin a yaye shi. Yaro SS ciwonsa na ɗauke shi. AS ne ya fi tsallakewa ya girma ya yi aure. Shi kuma yana ɗauke da S ɗin, yana miƙa wa na baya. Ta gefe guda ana zubar da S, ta ɗaya gefen maleriya tana riƙe da shi. Shi ya sa taswirar sikila ta yi kama da taswirar maleriya.

Sani Lab: Kuma an auna wannan a gida. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu Jigawa. Da aka gwada jini, a cikin jarirai kusan 24 cikin 100 ne AS. A cikin waɗanda suka wuce shekara biyar kuwa kusan 29 cikin 100. Ba wanda jininsa ya sauya daga AA zuwa AS, ba ya yiwuwa. Yaran AA ne suka fi mutuwa a tsakani. Rariyar da na ce ke nan, sai dai wannan karon 'ya'yan mutane ne a ciki. Ni duk sanda na tuna lissafin nan jikina sanyi yake yi.

Maman Ilham: Wato abin da ya tsare kakanninmu shi ne yake kwantar min da yarinya.

Malama Bilki: Haka ne 'yar'uwa. Shi ya sa ba na son fassarar da ake yi cewa "mai ƙarfi ne ke rayuwa", ko a ce abin ci gaba ne kullum. Babu wani tsani da ake hawa. Abin da ya dace da wuri da zamani ne ke yaɗuwa, ko da yana tafe da hasara. S a inda babu maleriya ba shi da wata riba. Kuma babu laifinki ko na babanta a ciki.

Maman Ilham: Lokacin aurenmu ba a maganar gwaji. Da aka gaya mana ɗaya cikin huɗu ne, surukata ta ce to tunda an samu ɗaya, uku masu zuwa lafiyayyu ne.

Sani Lab: Wannan kuskuren ya yi wa gidaje da yawa illa. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. In AS ya auri AS, duk juna biyu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, ba ruwansa da abin da yayansa ya zo da shi. Za a iya haifar huɗu duk lafiya, za a iya jera uku masu ciwon. Kano ta sa hannu kan dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma gwajin nan yana ciki.

Malam Auwalu: A wannan muna tare ɗari bisa ɗari. Ni ba na ɗaura aure yanzu sai na ga takarda, an sha jin haushina a kai. Maman Ilham, Allah Ya sa kaffara ne.

Ummi: Anti, to mai AS ba ya bukatar gidan sauro ke nan? Ni AS ce.

Malama Bilki: Ke! Shiga gidan sauronki. Zazzaɓin yana kama ku sarai, tsananin ne yake raguwa.

Abba Injiniya: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Kulorokwin da aka yi mana allurarsa muna yara muna ta ƙaiƙayi, shi ma haka ya mutu?

Sani Lab: Sak. Sai dai a nan ba sauron ba ne, ƙwayar cutar da ke cikin jini ce aka tankaɗe. Juriyar ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu. Najeriya ta sauya zuwa magungunan ACT a 2005, waɗanda ke haɗa magani biyu, don ƙwayar da ta tsallake ɗaya da wuya ta tsallake na biyun. Abin da ke ba ni tsoro a wurin aiki yanzu shi ne magungunan kashe bakteriya. Mutum na mura ya shiga kemis a ƙirga masa kafso huɗu na ɗari biyu. Masu kaji suna zubawa a ruwan sha kamar gishiri. Sai a kawo mana fitsari mu gwada, mu ga magani bayan magani ba ya taɓa ƙwayar. Alexander Fleming da ya gano penisilin ya yi wannan gargaɗin tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel.

Baban Khalifa: To ni yanzu da na tayar da zancen, me zan yi da daren yau? In ƙara yawan feshin?

Malama Bilki: A'a Alhaji, kai da yara za ku shaƙa. In za ka saya, karanta sunan sinadarin da ke jikin gwangwanin, don sau da yawa suna ne da kala suka bambanta, abin ciki dangi ɗaya ne. Gidan sauro kuma kar ka yar, ko maganin ya rage ci ragar tana tarewa, in ya yage a ɗinke. Akwai sababbi da ake rabawa masu ƙarin sinadarin PBO, mai taimaka wa maganin ya ci sauro mai tauri, ko magani iri biyu, saboda wannan matsalar aka yi su. Sannan ka leƙa bayan gida. Mai yawan kukan nan a kunne cikin birni galibi daga kwata yake fitowa.

Baban Khalifa: Kwatar layinmu rabonta da yasa tun kafin azumi.

Na Kebbi: To ka ga masana'antar. Kai kana kashe na ɗaki, ita tana buga sababbi.

Shugaba: Asabar bayan sallar asuba ke nan. Baban Khalifa ka nemo shebur biyu, ni zan zo da baro. Ɗan Tattabara kar ka ce tsuntsaye ba su ci abinci ba.

Ɗan Tattabara: Shugaba ni fa a Zariya nake.